Ƙauyen da ba kowa cikinsa amma yana da magajin gari

"Salam Malam, barka da aiki. Ni ɗalibi ne daga Maraɗi, an ba mu aiki kan yawan jama'ar karkara a Faransa, ina cikin bincike sai na ci karo da wani ƙauye wai shi Fleury-devant-Douaumont, an rubuta yawan jama'a 0 amma kuma a ƙasa ga sunan magajin gari. Kuskuren masu shigar da lissafi ne ko me? In ba kuskure ba ne ina mutanen suka tafi, kuma shi magajin garin wa yake mulka? Allah ya ƙara basira."

Wa alaikumus salam ƙanena, amin, kai ma Allah ya ba da sa'ar karatu. Ba kuskure ba ne, sifilin nan na gaske ne kuma magajin garin ma na gaske ne. In na fahimce ka abu uku kake so ka sani, yadda gari zai kasance a takarda alhali ba mutum ko ɗaya, abin da ya ci mutanen, da kuma amfanin ajiye magajin gari a kan kufai.

Wallahi da na karanta saƙonka sai da na yi dariya don ni ma ramin da na faɗa kenan. Lokacin da nake karatun ƙididdigar jama'a a Nancy an taɓa ba ni teburin komin-komin, wato ƙananan hukumomin Faransa, na gundumar Meuse aka ce in gyara shi kafin a yi taswira, ina bi layi layi sai na ga guda shida da 0 a gabansu, ban yi wata-wata ba na share su na ce wani ne ya yi barci a kan kwamfuta. Malamar da ke duba aikina ta ƙirga ta ce ba su cika ba, ina shida? Na ce ai kuskure ne na cire. Ba ta yi faɗa ba, cewa kawai ta yi ran Asabar ka nemi mota ka je Verdun ka ga abin da ka share. Na je kuwa, kuma zan ba ka labarin abin da na gani, amma sai ka fara gane mene ne komin tukuna in ba haka ba sauran ba zai zauna maka ba.

Komin ƙasa ce kafin ta zama mutane

A wurinmu sarauta mutane take bi. Kai da kake Maraɗi ai ba sai an gaya maka ba, sarakunan Katsina da jihadi ya kora da sarautarsu suka taho, shi ya sa har gobe ake cewa Sarkin Katsinan Maraɗi. Alƙalawa ta zama kufai amma sarautar Gobir ba ta zauna gadin kango ba, ta bi jama'a Tsibiri da Sabon Birni. To Faransa akasin haka ne. Komin wani yanki ne na ƙasa mai iyaka da suna da lamba da rajista, an yanka ƙasar gaba ɗaya kamar yadda mahauci ke yanka nama kashi-kashi, babu taƙi ɗaya da ba ya cikin wata komin, ko daji ne ko dutse. Mutane na iya ƙaruwa ko su ragu ko su ƙare, yankin na nan sai in doka ce ta soke shi ko ta haɗe shi da maƙwabcinsa.

Asalin abin daga juyin juya halin 1789 ne. A watan Disamba na shekarar aka yi dokar da ta ba kowane gari da kowane ƙauye hukumarsa, kuma ba su tsaya zana sabbin iyakoki ba sai suka bi iyakokin majami'u da ke nan tun da, wato duk ƙauyen da ke da cocinsa da limamin cocin ya zama komin. Aka tashi da sama da 40,000. Yau bayan shekara ɗari biyu da wani abu ana ta haɗe-haɗe har yanzu suna kusan 35,000, kuma kusan rabinsu ba su kai mutum 500 ba. Ka auna da Jamus da ta fi Faransa jama'a amma nata kusan 11,000 ne, ko Najeriya mai ƙananan hukumomi 774, ko mu Nijar da komin ɗinmu ba su kai 300 ba. Don haka in ka ga "magajin gari" a Faransa kar ka kawo wani babban mutum mai jiniya a ranka, sau da yawa manomi ne ko tsohon malamin makaranta mai ritaya da ke buɗe ofis yini biyu a sati, ya fi kusa da mai unguwa sai dai shi zaɓensa ake yi kuma yana da hatimi da kasafin kuɗi.

Fleury kafin 1916

Ƙauye ne a kan tuddan da ke arewa maso gabashin Verdun, tsakaninsu bai kai kilomita 10 ba. Ita kalmar "devant" da ke tsakiyar sunan ma'anarta "a gaban", wato Fleury ta gaban Douaumont, don garuruwa masu suna Fleury suna da yawa a Faransa dole a bambanta, kamar yadda muke da Sabon Gari da Tudun Wada a ko'ina sai an ƙara na ina. A 1913 mutum 422 ne a ciki. Noma suke, da ɗan inabi, da saran itace, akwai makaranta da coci da mai gasa burodi da maƙeri da wurin wankin mata, ƙauye dai kamar kowane.

Abin da ya ja musu shi ne inda Allah ya ajiye su. Bayan Faransa ta sha kashi a yaƙin 1870 zuwa 1871 Jamus ta ƙwace Alsace da wani ɓangare na Lorraine har da birnin Metz, sai iyaka ta matso kusa da Verdun. Faransawa suka shiga gina manyan sansanoni na dutse da kankare a kan tuddai su kewaye birnin, na Douaumont da aka fara a 1885 shi ne babbansu, ga na Vaux, ga na Souville, ita kuwa Fleury tana tsakiyarsu kamar kaza tsakanin raƙuma. Da farko ma alheri ne, ma'aikata da sojoji suka kawo ciniki, aka shimfiɗa ƙaramin layin dogo har da tasha a ƙauyen.

Wata goma

Ran 21 ga Fabrairu 1916 da safe, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Farko, Jamusawa suka buɗe wa yankin Verdun wuta da igwa, ana ƙiyasta harsashin igwa kusan miliyan ɗaya a yinin farko kaɗai. Aka kwashe mutanen Fleury cikin ƙanƙara da abin da hannu zai iya ɗauka, aka yi da su wajen Bras da Verdun, daga nan kowa ya nemi inda zai sa kansa. Wannan shi ne amsar "ina suka tafi", yawancinsu ba a ƙauyen suka mutu ba, gudun hijira suka yi da niyyar in ƙura ta lafa su dawo.

Kwana huɗu da farawa, ran 25 ga Fabrairu, sansanin Douaumont ya faɗi kusan ba faɗa don 'yan tsirarun sojoji aka bari a ciki. Na Vaux ya yi ta turjiya har 7 ga Yuni, ƙishirwa ce ta sa suka miƙa wuya. Daga nan sai Fleury ta zama ita ce ƙofa, wanda ya riƙe ta ya doshi Souville, wanda ya ci Souville kuwa ga Verdun a ƙasansa yana hange. Da yammacin 22 ga Yuni Jamusawa suka yi ruwan harsasai masu iskar guba, washegari 23 suka shiga ƙauyen. Tsakanin nan da 18 ga Agusta, ranar da wata rundunar Faransa da ake kira ta mulkin mallaka ta Maroko ta ƙwato shi na ƙarshe, ƙauyen ya canza hannu sau 16. Ka tsaya ka yi tunanin wannan, sau 16 cikin wata biyu, kuma kowane ɓangare kafin ya kai hari sai ya yi wa wurin luguden igwa, wanda aka kora shi ma ya juyo ya yi nasa. Zuwa ƙarshe abin da ake faɗa a kai ba gidaje ba ne, suna ne a taswira da garin dutse.

Yaƙin Verdun bai tsaya ba sai 18 ga Disamba, kusan kwana 300, mutum sama da 300,000 suka mutu ko suka ɓace a ɓangarorin biyu, in ka haɗa da masu rauni ana maganar 700,000. Ni ba masanin dabarun yaƙi ba ne, aikina ƙirga masu rai, don haka gardamar me shugaban sojan Jamus Falkenhayn ya nufa da harin na bar wa masu ita. Amma abu ɗaya da ya shafe mu zan faɗa, ran 24 ga Oktoba da aka ƙwato Douaumont akwai bataliyar sojojin Afirka ta Yamma cikin waɗanda suka hau, da 'yan Somaliya. Ana ce musu 'yan Senegal ne a baki amma sunan rundunar ne kawai, daga duk ƙasashen da Faransa ke mulka a yankinmu ake ɗibarsu.

Me ya hana su dawowa

Nan ne mutane ke kuskure, suna zaton rushewar gidaje ce. Ai ƙauyuka ɗaruruwa aka rusa a arewacin Faransa kuma aka sake gina su, gida ba wuya ba ne. Ƙasar ce ta mutu. Bayan yaƙi gwamnati ta bi fagen daga ta kasa shi launi-launi gwargwadon ɓarna, mafi muni aka sa masa ja, jan yanki, kusan hekta 120,000 a faɗin arewa da gabashin ƙasar. A irin wannan wuri ƙasar noma ta sama ta juye ta koma ƙasa, cike take da harsasan da ba su fashe ba ciki har da masu guba, ga dalma da sauran ƙarafa, ga gawarwaki dubbai da ba a tono ba, in ka sa garma ko dai ka tono bam ko ka tono mutum. Aka yi lissafi aka ga kuɗin gyara ya fi kuɗin gonar kanta. Sai gwamnati ta saye filayen ta biya diyya ta hana zama da noma, daga baya aka miƙa wa ma'aikatan daji suka dasa itatuwa, shi ne dajin Verdun na yanzu mai kusan hekta 10,000. Har yau masu kwance bam na gwamnati suna tsintar harsasai a yankin kowace shekara.

Ƙauyuka tara ne a Meuse abin ya shafa, Beaumont, Bezonvaux, Cumières, Douaumont, Fleury, Haumont, Louvemont, Ornes da Vaux. Uku daga ciki, Douaumont da Ornes da Vaux, an ɗan samu masu zama a gefe. Sauran shidan su ne layukan da na share.

To da doka za ta bi hankali zalla da sai a soke su a raba filin wa maƙwabta. Ba a yi haka ba. Faransa ta rasa soja kusan miliyan 1.4 a wannan yaƙin, kuma akwai wata kalma da ake rubutawa a takardar mutuwar sojan da ya faɗi a daga, "ya mutu domin Faransa", sai aka ɗauki wannan kalmar aka ba ƙauyukan kamar su ma sojoji ne. Wanda ya mutu domin ƙasa kuwa ba a goge sunansa. Dokar 18 ga Oktoba 1919 ta tanadi cewa kowannensu zai samu ɗan kwamiti da shugaba mai ikon magajin gari. Tunda ba masu zaɓe, perefen Meuse, wato wakilin gwamnati a gundumar, shi ne ke naɗa su, mutum uku, ɗaya shugaba. Sunan da ka gani a ƙasan shafin nan nasa ne. A wani gari yake kwana, kuma akan nemi wanda ke da alaƙa da wurin ko ya damu da tarihinsa.

Wa yake mulka? Ba kowa, amma aiki akwai. Share hanyoyi, kula da ɗan cocin da aka gina da dutsen tunawa da matattu, shirya taron shekara da jikokin mutanen ƙauyen ke zuwa, karɓar baƙi da 'yan makaranta, sa hannu a takardu in wani abu ya faru a yankinsa. Kuma yana faruwa. A 2013 wasu 'yan yawon buɗe ido Jamusawa suka hango ƙashi ya leƙo daga ƙasa a Fleury, da aka tona sai ga gawar sojojin Faransa 26 a inda da can ɗakin ƙasa ne na wani gida, wasu aka gane su ta ɗan farantin ƙarfe mai suna da soja ke ɗaurawa. Shekara 97 suna kwance a wurin. Irin wannan rana dole a samu hukumar da za a kira, kuma komin ɗin da abin ya faru a cikinta ita ce ta farko.

Abin da na gani

Gani ya kori ji. Ka sauka daga mota bakin titi ka gangara cikin itatuwa, abin da zai fara ba ka mamaki ƙasar ce, babu inda yake shimfiɗe ko na tabarma ɗaya, rami kan rami, tudu kan tudu, duk ciyawa da gansakuka sun rufe sun yi kore shar kamar an jefa bargo kan tulin ƙwarya. Hanyoyin da ake bi su ne titunan ƙauyen na da. A gefensu an kafa 'yan gajerun ginshiƙai, kowanne da ɗan allo, wannan an rubuta gona, wannan mai burodi, wannan makaranta, wannan maƙeri. Na tsaya gaban na makarantar na daɗe ina neman ko da tubali ɗaya a jere da ɗan'uwansa, babu, sai wani rami da ruwan sama ya kwanta a ciki da ganye. Kufan da na sani a gida ko ba komai za ka ga guntun katanga ko tsohuwar rijiya ko kukar da aka yi kasuwa a ƙarƙashinta, nan kam ko wannan ba a bari ba, itatuwan ma duk ƙannen yaƙin ne.

Gini ɗaya ne a tsaye, ɗan ƙaramin coci da aka yi bayan yaƙi a inda tsohon yake, a 1979 aka sa masa sunan nahiyar Turai don alamar sulhu. Can sama kaɗan inda tashar jirgi take da, nan aka gina gidan tarihin yaƙin Verdun, an buɗe shi a 1967 aka sabunta shi a 2016. In ka ƙara gaba sai babban ginin ƙasusuwa na Douaumont da aka ƙaddamar a 1932, ƙashin mutum kusan 130,000 da ba a san ko su wane ne ba, Bafaranshe da Bajamushe a cakuɗe, akwai 'yan tagogi a ƙasa ta baya in ka sunkuya kana ganinsu tuli. Nan ne shugaban Faransa Mitterrand da shugaban gwamnatin Jamus ta Yamma Kohl suka riƙe hannun juna a 1984. A gabansa maƙabarta ce mai kabari sama da 16,000, kuma cikin yankin komin ɗin Fleury take, ka ga ke nan garin da ke da mai rai 0 yana da mamaci dubu goma sha shida da ƙari.

A gefe ɗaya na maƙabartar akwai kaburbura 592 na Musulmi, duwatsunsu ba gicciye ba ne kuma an karkata su suna duban alƙibla, kusa da su ga wata farar ƙubba da shugaban Faransa na lokacin Chirac ya buɗe a 2006. Ban san lokacin da na ɗaga hannu na yi musu addu'a ba. Sanyi ake yi ranar irin mai shiga ƙashi, na ce a raina yaron da aka ɗauko daga ƙasar rana aka kawo shi nan ya kwana cikin taɓo a watan Oktoba, Allah kaɗai ya san abin da ya gani.

Sifili iri biyu ne

Yanzu ga abin da zai amfane ka a aikin makaranta, don in ka ɗauki Fleury a matsayin misalin yadda karkarar Faransa ta zama fanko malaminka zai ja maka jan biro kuma yana da gaskiya. Fleury rana ɗaya ta mutu. Dubban sauran ƙauyukan kuwa a hankali suka tsiyaye kamar randa mai tsaguwa, shekara ɗari da hamsin ana yi.

Duba gundumar Meuse ɗin kanta. A 1851 tana da mutum kusan 328,000, yau wajen 180,000 ne, kuma raguwar ta fara shekara sittin kafin a harba harsashi ɗaya a Verdun. Yawancin ƙauyukan Faransa in ka zana lissafinsu za ka ga sun kai ƙololuwa a tsakiyar ƙarni na 19 daga nan sai gangara. Dalilan sun haɗu ne. Jirgin ƙasa ya zo ya sauƙaƙa tafiya, masana'antu da ma'adinai suka ja matasa, abin da ya fara kamar ci-rani ya zama ƙaura. Masaƙa da maƙera da sauran masu sana'ar hannu na ƙauye kayan kamfani suka kashe musu kasuwa. Wani ƙwaro ya cinye gonakin inabi a ƙarshen ƙarnin. Sannan Faransawa sun riga duk Turai rage haihuwa, ga dokar gado da ke raba gona daidai tsakanin 'ya'ya, manomi ya ga in ya haifi shida gonar ta zama kushewa. Yaƙin 1914 ya zo ya kwashe samarin da za su yi aure, shi ya sa kusan duk ƙauyen da ka shiga akwai dutse a tsakar gari da jerin sunaye, wani lokaci sunan gida ɗaya sau uku. A ƙidayar 1931 mutanen birni suka fara rinjayar na karkara. Bayan 1945 tarakta ta ƙarasa aikin, gonar da da sai mutum goma yanzu mutum ɗaya ya ishe ta. Masana labarin ƙasa har suna da suna ga zirin da ya fi yin fanko, ya taso daga wajen Meuse ya ratsa tsakiyar ƙasar ya gangara kudu maso yamma.

Misalin wannan nau'in shi ne Rochefourchat a gundumar Drôme, can kudu cikin duwatsu. A farkon ƙarni na 19 mutanenta sun haura 200, a ƙidayar 1999 mutum 1 aka samu. Ba yaƙi ba annoba, tafiya ce kawai. Kuma ita magajin garinta zaɓensa ake, don dokar Faransa ta yarda wanda ke biyan harajin gida ko fili a komin ya yi rajistar zaɓe a can ko da ba nan yake kwana ba.

Wannan ya kawo ni kan yadda ake ƙirgar, wanda nan ne ɗalibai suka fi zamewa. Hukumar ƙididdiga ta ƙasar, INSEE, mutum take ƙirgawa a inda ya fi kwana cikin shekara, ba inda ya fito ba, ba inda yake da gida ba. Ƙauye na iya samun gida 60 masu kyau da fenti amma a rubuta mutum 25, sauran gidajen hutu ne na mutanen birni, a watan Agusta ya cika maƙil a watan Janairu ko kare ba ka ji, ita kuwa ƙidaya a Janairu da Fabrairu ake yinta. Tun 2004 kuma an daina ƙidayar ƙasa gaba ɗaya a lokaci guda, komin da ba ta kai mutum 10,000 ba sau ɗaya ake bi ta gida-gida cikin shekara biyar, alƙaluman shekarun tsakani lissafi ne ake cikewa da shi. Saboda haka in ka ga an ce ƙauye ya ƙaru da kashi 10 cikin ɗari kar ka yi saurin rubuta cewa karkara na farfaɗowa, a garin mutum 40 iyali ɗaya ne suka tare da 'ya'ya biyu. Ni dokar da na sa wa kaina ita ce in jama'a ba su kai 200 ba ba na rubuta kashi cikin ɗari sam, adadin nake sawa tsurarsa. Kuma tsofaffin alƙaluma, na 1793 da 1800 da 1806, ka riƙe su da hannu biyu amma kar ka rantse a kansu, da yawa magajin gari ne ya kimanta ya aika. Daga 1831 zuwa 1836 ne abin ya fara zama da jerin sunaye gida-gida. A 1916 ba a yi ƙidaya ba saboda yaƙi, shi ya sa za ka ga tebur ya yi tsalle daga 1911 zuwa 1921.

Sai tarko na ƙarshe, haɗewa. In ka ga ƙauye ya ninka cikin shekara ɗaya ko ya ɓace daga jeri, duba ko an haɗe shi da wani. An gwada tura su haɗewa da dokar 1971 ba ta yi wani tasiri ba, aka sake da ta 2010 wadda ta ɗan fi ci. Douaumont da Vaux ma da kansu sun haɗe a 2019 sun zama Douaumont-Vaux.

Ko ya kamata a haɗe shidan nan su ma? In ka tambaye ni a matsayin mai lissafi zan ce ƙananan komin masu rai da yawa gara su haɗu, don na ga garin da ake roƙon mutane su tsaya takara ba a samu cikon kujeru ba, kuma dama manyan ayyuka kamar ruwa da kwashe shara yanzu ƙungiyar komin-komin ce ke yi ba kowace ita kaɗai ba. Amma shidan nan ban ga ribar taɓa su ba. Abin da ake kashewa a kansu bai taka kara ya karya ba, babu wanda ake tauye wa hakki tunda ba mai zama, kuma ranar da aka mayar da Fleury unguwar wani gari to ta fita daga teburin ƙidaya, ɗalibi a Maraɗi ba zai sake cin karo da 0 ya tsaya ya yi tambaya ba. Wannan ra'ayina ne, ɓangaren shari'ar abin kuma na masana dokar mulki ne ba nawa ba.

In ni ne kai ga yadda zan yi aikin. Ɗauki ƙauye ɗaya na Meuse mai rai, kowanne, ka jera alƙalumansa daga 1836 zuwa yau ka zana, sannan ka ajiye Fleury a gefensa da 422 ɗinta na 1913 da 0 ɗinta na yau, ka yi bayanin me ya sa layi ɗaya ya gangara a hankali ɗayan ya yanke. Alƙaluman kwanan nan suna shafin INSEE kyauta, tsofaffin kuma akwai rumbun da ake kira Cassini da ya tattara na kowace komin tun 1793. Kuma in ka sauke teburin Meuse ka ƙirga layukan kafin ka fara gyara, ka sake ƙirgawa bayan ka gama.